Muzurun Amira

Asabar, bayan la'asar

Yau ma Surajo ya jefi muzurun, wannan karon da murfin tukunya na ƙarfe. Ya same shi a ƙugu. Abin ya yi ƙara kamar an take jariri, ya haye katanga yana jan ƙafa. Surajo ya tsaya tsakar gida yana huci, sannan ya ɗauki murfin ya goge da rigarsa, ya miƙo mini ya ce, "Yi haƙuri, Yaya." Ya koma ɗaki.

Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goya shi. Su biyu mutanen daji suka ɗauka a hanyar Kaya, shi da matarsa Amira. Shi kaɗai ya dawo daga daji. Ba mu tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba. An yi addu'a, an raba sadaka, aka tashi.

Muzurun na Amira ne. Maƙwabtansu ne suka kwaso mana kayan ɗakinta zuwa nan Mafara, sai ga shi a kwando an ɗaure bakin da tsohon zani. Ɗanfari take kiransa, da yake ba su samu haihuwa ba tukuna. Surajo ba ya kiran sunan. "Wanga abu" yake cewa.

Lahadi, hantsi

Na gane abin da ya haɗa su. Kowace safiya Surajo yakan buɗe akwatin Amira, ya ciro zani ɗaya ya tura fuskarsa a ciki. Na taɓa gani, na yi kamar ban gani ba. To muzurun ya tsiri yi wa akwatin fitsari. Ba tsugunawa yake yi ba, juya baya yake yi ya ɗaga wutsiya tana rawa, ya fesa. Wari ne mai kama maƙogwaro, sabulu ba ya fid da shi. Yau ya ratsa ta gefen murfi ya shiga kayan. Surajo ya fito da zanin a hannu ya ce, "Yaya, shinshina." Na shinshina. Ya ce, "Babu ita a ciki kuma."

Sai ya ɗauki taɓarya. Na tare ƙofar madafa inda muzurun ya ɓuya. Mun daɗe a haka, yana kallona ina kallonsa, har maigidana Malam Balarabe ya dawo daga gona ya karɓe taɓaryar.

Malam ya ce a sa shi a buhu a jefa ruwan dam kowa ya huta. Na ce ba a gidana ba. Ya ce, "Taiba, mutane na mutuwa ko'ina, ke kina ta mussa?" Abin da na sani shi ne, ranar da Surajo ya kashe abin da Amira ta raina da hannunta, ba zai iya kallon kansa ba kuma.

Litinin, bayan azahar

Na kai shi asibitin dabbobi. Tun da aka rufe makarantarmu ba ni da aikin yi da safe.

Dakta Habila ne a wurin. Mutumin Zuru ne, Kirista, ya daɗe a garin nan har ya yi furfura. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi Malam, ya tambayi damina, sannan ya sassauta murya ya ce, "Yaya mai jiki?" Kowa ya san labarin Surajo. Na ce da sauƙi.

Ya naɗe muzurun da tawul ya bincika shi. Ya tambaya ko an taɓa dandaƙe shi. Na ce an yi, Amira ta gaya mini wani wanzami a Kaya ya yi masa, har suna dariya wai ƙwai ɗaya rak aka samu. Dakta ya ce, "To, ai ga matsalar nan, Malama. Ɗayan bai sauko ba." Ya matsa gaban muzurun ya nuna mini wasu ƙananan ƙayoyi a jiki. Na kawar da kai don kunya. Ya ce muzurun da aka dandaƙe da gaske, ƙayoyin nan bajewa suke yi. Tunda suna nan, to akwai ƙwan maraina a ɓoye yana aiki, shi ke sa shi fesa fitsari da kuka da faɗa. Ya lallatsa matsematsinsa bai ji komai ba, ya ce to yana can cikin ciki, sai an buɗe. Ya ce barinsa ma ba alheri ba ne, yana iya murɗewa ko ya zama ƙari.

Na ce a yi yau. Ya ce allurar barcinsa ta ƙare, ya aika Sakkwato, kuma direbobi ba kullum suke yarda su hau hanya ba. Mai taimaka masa ma ta tafi garinsu ba ta dawo ba.

Na ce, "Dakta, in an jima ba za a samu abin da za a yi wa aikin ba."

Ya dube ni ya ce, "Ki kulle shi inda ba za a kai gare shi ba."

Talata, da yamma

Na je kasuwa. Da ban je ba.

Laraba, da asuba

Ban yi niyyar rubutawa ba, amma abin ya ƙi barin idona.

Ina wajen masu kayan miya na ji ana gudu, ana cewa an kama mai kai wa mutanen daji labari. Na bi gefe don in fita, sai taron ya turo ni gaba. Wani saurayi ne Bafillace, siriri, da malafa. Yana ta cewa a tambayi Dakta, a tambayi Dakta. Babu wanda ya tambayi kowa. Aka fara da sanduna. Ya faɗi ya tashi, ya faɗi. Wani ya ɗauko dutsen murhun mai ƙosai. Sadi ne a gaba, shugaban 'yan sa-kai na unguwarmu, bindigarsa a kafaɗa, bai ma sauke ta ba, nuni kawai yake yi da hannu.

Na ga riga mai ruwan toka. Ni na wanke ta ranar Juma'a, ni na ɗinke aljihunta. Na ga hannun da ke cikinta yana ɗagawa yana sauka, yana ɗagawa yana sauka, bayan yaron ya daina motsi.

Da magariba Surajo ya shigo gida ba riga, sai singileti. Ya wanke ƙafafunsa a bakin rijiya, ya wanke, ya sake wankewa. Na zuba masa tuwo. Ya ce ya ƙoshi.

Alhamis, hantsi

Ba mu yi maganar ba.

Juma'a, bayan masallaci

Mutanen daji sun shiga wani ƙauye a gefen Bakura. Sun ce ramuwa ce. Cikin waɗanda aka kashe har da ɗan wan Malam, suna cikin noman gero aka buɗe musu wuta. Malam ya tafi jana'iza. Ya ce in hanya ta yi kyau zai dawo Lahadi, in ba ta yi ba sai yadda Allah ya yi.

Na kulle Ɗanfari a ɗakin ajiya. Tun safe yake kuka, irin kukan nan mai tsawo da ke farawa ƙasa-ƙasa ya hau sama. Surajo yana ɗakinsa ya toshe kunnuwa da tafin hannu.

Asabar, da yamma

Da hagu nake rubutu.

Na buɗe ɗakin ajiya zan ɗebo gero, muzurun ya fice ta tsakanin ƙafafuna, kai tsaye sai ɗakin Surajo, sai kan akwati. Ban kai ƙofa ba na ji ƙarar shurin. Ya bugu da bango ya faɗo. Surajo ya zaro ƙarfen da ake tokare taga. Na faɗa kan muzurun na rufe shi da jikina, na ɗaga hannu. Na ji ƙashin ya yi ƙas tun kafin in ji zafin.

Ya saki ƙarfen. Ya durƙusa yana cewa, "Yaya, Yaya, ba ke ba, ba ke ba." Na ce, "To wa? Gaya mini wa kake duka."

Shi ya kai ni wurin mai ɗori. Shi ya riƙe ni lokacin da ake jan hannun. Mai ɗorin ya tambayi abin da ya faru, na ce santsi ne ya kwashe ni a bakin rijiya.

Lahadi, da azahar

Malam bai dawo ba. Wayarsa ba ta shiga.

Ɗanfari bai ci komai ba tun jiya. Ya yi amai, ya takure a bayan randa, in an taɓa cikinsa sai ya yi gurnani. Na kira Dakta. Ya ce allurar ta iso, in kawo shi gobe da sassafe, kada a ba shi abinci. Ya ce in zo da wanda zai taya shi riƙo, don ba shi da kowa, wuta kuma babu.

Ba ni da kowa ni ma, sai mutum ɗaya.

Litinin, bayan la'asar

Na ce masa, "Surajo, hannuna ba ya ɗaukar kwando. Kai ka karya shi, kai za ka ɗauka." Bai yi musu ba.

Dakta Habila ya amsa gaisuwata. Surajo ya gaishe shi, ya amsa a taƙaice, bai tambaye shi jiki ba. Ya yi wa muzurun allura a cinya. Ba a jima ba ya saki jiki, idanunsa a buɗe amma ba ya gani. Ya kwantar da shi rigingine a kan tebur, ya ɗaure ƙafafun da igiya mai laushi, ya aske cikin, ya wanke da magani mai ruwan ƙasa, ya rufe shi da ƙyalle mai huda a tsakiya. Sannan ya nuna wa Surajo bokiti da sabulu.

"Wanke hannunka har gwiwa. Ka goge ƙarƙashin farce."

Surajo yana wankewa, Dakta yana jera almakasai bai ɗago ba, ya ce, "Yaron nan na kasuwa, Ja'e sunansa. Tun yana yaro yake kawo mini shanun babansa rigakafi. Ranar Talata maganin tsutsar maruƙa ya zo saya, daga nan ya shiga kasuwa. An samu maganin a aljihunsa. Uwarsa tana zuwa nan ta zauna a ƙofa, wai nan ne inda aka yi masa ganin ƙarshe da ransa." Ya miƙa wa Surajo safar hannu. "Sa wannan."

Na zaci Surajo zai fita. Ya sa safar.

Ni aka ba fitila in haska da hagu. Dakta ya tsaga fatar daga ƙasan cibiya, tsawon ɗan yatsa, ya tsaga na ƙarƙashinta. Ya maƙala wasu ƙarafa biyu masu lanƙwasa a gefen tsagar ya ce wa Surajo, "Riƙe nan da nan. Ka buɗa a hankali. In ka ja da ƙarfi za ka yaga shi." Jinin ba shi da yawa. Ya ɗaga mafitsara gefe, ya ce akwai wata siririyar jijiya fara da ke tafiya zuwa ga ƙwan, in an same ta sai a bi ta har inda ta ƙare. Ya daɗe yana nema. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa, ya ce in matso da fitilar.

Ƙarfen da ke hannun Surajo ya goce. Dakta ya ce, "Tsaya cik." Ya tsaya. Idonsa na cikin tsagar. Sai ya fara magana, ba da ni ba, ba da Dakta ba, kamar mai karanta abu a bango.

"Ciki gare ta. Ba mu gaya ma kowa ba, ta ce sai ya yi ƙwari. Sunka kora mu da ƙafa cikin daji. Ta ce mararta na ciwo, ta zauna. Sunka ce ta tashi. Na ce in goya ta. Sunka ce in wuce gaba kada in waiwaya. Ban waiwaya ba, Yaya. Na ji ƙarar, ban waiwaya ba."

Fitilar ta karkace a hannuna. Dakta ya ce, "Malama, haske." Na gyara.

Dakta ya samo ƙwan. Ya jawo shi waje a hankali, ɗan abu kamar ƙwallon dabino, ya kumbura ya yi baƙi, jijiyarsa ta murɗe kamar igiyar guga. Dakta ya ce da an ƙara kwana da ya ruɓe a ciki. Ya ɗaure jijiyar da zare, ya ƙara ɗauri a sama, ya yanke tsakani, ya jefa abin a faranti. Ya duba ko akwai inda jini ke tsiyaya, babu. Ya ɗinke na ciki, ya ɗinke fata. Sai da ya ce, "Saki," sannan Surajo ya saki ƙarafan. Yatsunsa sun ƙage, sai da ya buɗe su da ɗaya hannun.

Dakta ya yanka roba ya yi wa muzurun wani abu kamar mazurari a wuya don kada ya kai baki ga ɗinkin. Ya ce kada mu yi zaton kukan da fitsarin za su tsaya gobe, sai jinin ya huce, makonni ne. Ya faɗi haka yana kallon Surajo. Surajo ya ce, "Na ji."

Da za mu fita akwai wata tsohuwa a bakin ƙofa, ta zauna a ƙasa, ƙwaryarta a kife a gefe. Ta matsa ta ba mu hanya, har ta ce mana sannu.

Talata, da hantsi

Malam ya dawo. Ya dubi hannuna, ya dubi Surajo. Na ce santsi ne. Ya ce, "To."

Alhamis, da yamma

Kwandon yana ɗakin Surajo. Shi ke ba shi madara da cokali, shi ke duba ɗinkin safe da yamma. Yau muzurun ya miƙe yana tangaɗi, ya je ya fesa wa ƙafar gado. Ina tsakar gida ina ji. Surajo ya fito ya ɗebi ruwa da toka ya koma ya wanke.

Har yanzu Surajo ba ya cin abinci sosai. In na shiga sai in tarar yana kallon tafin hannunsa.

Asabar, bayan magariba

Sadi ya zo da mutum biyu. Suka yi sallama a zaure, Malam ya fita, suka ce Surajo suke nema. Ina bayan ƙofa ina ji. Wai za su fita wata ruga gabas da gari, kowa ya fito da abin hannunsa.

Surajo ya ce, "Ba ni zuwa."

Sadi ya ce, "Mi ka ce?"

"Ba ni zuwa. Ina jinya."

"Jinyar wa?"

Wani cikinsu ya ce jinyar mussa, suka yi dariya. Sadi bai yi ba. Ya ce, "Su wa sunka kashe maka mata? Ka mance?" Surajo ya ce, "Ba Ja'e ba ne." Sadi ya ce wa ya gaya masa suna, da wa yake magana. Sai na ji gindin bindiga ya sauka a kan nama. Na banka ƙofa. Surajo yana ƙasa suna shurinsa a haƙarƙari, Malam ya shiga tsakani suka ture shi ya bugu da bango. Surajo bai kare kansa ba, ko hannu bai ɗaga ba. Sadi ya take masa wuya ya ce, "Duk wanda ya buɗe baki kan ranar Talata, gidansu za mu fara."

Haƙoran Surajo biyu na tsinta a zaure bayan sun tafi. Ban san abin da zan yi da su ba, na ƙulle a tsumma.

Lahadi, da safe

Rugar ta ƙone. Daga kan soro ana hango hayaƙin. Ba a faɗi adadi ba.

Litinin, da azahar

Surajo ya yi wanka, ya sa farar riga. Bakinsa ya kumbura, da ƙyar nake gane maganarsa. Ya zauna gaban Malam ya ce zai je wurin jami'an tsaro ya faɗi abin da hannunsa ya yi, da sunan duk wanda ya gani a wurin. Ya ce ya san abin da hakan zai jawo mana, shi ya sa ya fara gaya mana, don mu kwashe mu koma Sakkwato wurin ƙanwar Malam kafin labari ya fita.

Malam ya yi faɗa. Ya ce gonarsa fa, geron da ya fara fid da kai fa, gidan da ya gina da hannunsa fa. Ya ce tuba tsakanin bawa da Ubangijinsa ne. Surajo ya ce, "Ta ce mini sannu, Malam. Uwar tasa. Ta matsa ta ba ni hanya." Malam ya tashi ya shiga ɗaki. Can sai na ji yana jawo buhunan da muke zuba kaya.

Ban hana shi ba. Ina so a rubuce cewa ban hana shi ba.

A ƙofa ya juyo ya ce, "Yaya, ranar Alhamis za a cire zaren. Kada ki cire masa robar kafin nan, ko ya yi kuka."

Alhamis, bayan la'asar

An cire zaren. Wurin ya haɗe, Dakta ya ce ya yi kyau. Na gaya masa gobe za mu bar gari. Ya ce shi ma an turo masa saƙon barazana, amma yana nan, shanun mutane ba su san ana rikici ba. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Malama." Na ce amin.

An kama Sadi da wasu. Jiya an jefo mana dutse ta kan katanga, ya fasa randa.

Daga asibitin na wuce inda ake tsare da Surajo, da fura a kwano. Jami'in da ke ƙofa ya ce, "Ɗan'uwanki ne? Tun da ya gama ba da bayani yake barci. Mun tashe shi cin abinci, ya ci ya koma." Ya kai ni na leƙa ta tsakanin ƙarafa. Yana kwance a siminti, ba tabarma, ya yi matashi da hannunsa, bakinsa a buɗe. Tun da ya dawo daga daji ban ga idonsa a rufe ba sai yau.

Jami'in ya ɗaga sanda zai buga ƙofar. Na ce ya bari. Na ajiye kwanon a inda hannunsa zai kai in ya farka.